Sawun Zamanin Ƙanƙara a Ƙasar Rana

A arewa maso gabashin ƙasar Chadi, cikin duwatsun Ennedi, inda matafiyi kan yi kwanaki bai ga kome ba sai rairayi da jan dutse, akwai wani kwazazzabo mai zurfi da ake kira Arshe, wanda ruwa ke kwance a gindinsa rani da damina. Da hantsi makiyaya kan koro raƙuma su shigo ta bakin kwazazzabon, su kutsa cikin ruwan har ya kai musu gwiwa, suna sha suna kuka, kukan yana bugun bangon dutse yana komowa; ruwan kuwa ya yi baƙi ƙirin saboda kashin raƙuman da ya daɗe yana taruwa a cikinsa.

Can ƙuryar kwazazzabon, inda raƙumi ba ya isa, akwai kadoji. Ba su da yawa, yatsun hannu ma sun isa a ƙirga su, kuma ba su kai na manyan koguna girma ba. Kashin raƙuma ke ciyar da gansakuka, gansakuka ta ciyar da ƙananan kifaye, kifayen su ciyar da kadojin. Kogi mafi kusa da kada zai iya zama a cikinsa yana can nesa da ɗaruruwan kilomita, shi kuwa kada ba fiffike gare shi ba, ba kuma halittar da ke jure tafiyar rairayi ba ne. To, ta ina suka zo?

Tambayar ta wuce ta mai sha'awar namun daji. A yau da wuya a zauna majalisa a Yusufari ko Gure ko Difa a tashi ba a taɓo zancen kwararowar hamada ba, ko zancen Tafkin Chadi wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma kafin tsakiyar shekarun 1980 ya tsuke har bai kai ushirin haka ba. Mutane suna tambaya ko an taɓa ganin irin wannan, da kuma abin da zai sami itatuwa da dabbobin da suka saba gani. Amsar da ma'abota bincike ke bayarwa ita ce an taɓa ganin abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma ba sau ɗaya ba, har ma inda kowace halitta take zaune a yau, galibi sakamakon wancan jujjuyawar zamani ne.

Abin da ake nufi da zamanin ƙanƙara

A shekarar 1837 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Louis Agassiz, ya miƙe a gaban taron malamai ya ce manyan duwatsun da ake gani yashe a filayen Turai nesa da tsaunukan da suka ɓalle daga jikinsu, da kuma ƙarce-ƙarcen da ke kan falalen duwatsu, ba aikin ambaliya ba ne kamar yadda jamhurun malamai suka tafi a kai, aikin ƙanƙara ne wadda ta taɓa lulluɓe ƙasar. Ya sha suka, amma daga baya hujja ta rinjayi inkari.

Musabbabin abin kuwa, wani ma'abucin hisabi da ilimin falaki ɗan Sabiya, Milutin Milankovitch, shi ya shafe shekaru yana lissafa shi da alƙalami da takarda. Tafarkin da duniya ke bi ta kewaye rana yakan ɗan miƙe ya kuma komo kusa da da'ira a cikin shekara wajen 100,000. Karkatar da duniya take da ita tana ƙaruwa tana raguwa a cikin shekara wajen 41,000. Sa'an nan tana wani tangaɗi a hankali wanda ke sauya lokacin shekara da take fi kusantar rana, a cikin shekara 21,000 zuwa 23,000. Waɗannan uku ba su ƙara wa rana zafi, sai dai suna sauya yadda ake raba zafin tsakanin kudu da arewa, da tsakanin bazara da hunturu. Sai a 1976, bayan rasuwarsa, lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin teku ta gaskata lissafinsa.

A cikin shekara wajen miliyan 2.6 da suka wuce, ƙanƙara ta sauko ta koma sau da yawa. Saukowarta ta ƙarshe ta kai matuƙa wajen shekara 21,000 da suka wuce, sa'ad da kaurinta a kan ƙasar Kanada ya kai kilomita 3, ta danne arewacin Turai, ta kuma riƙe ruwa mai yawan da ya sa teku ya ja baya da wajen mita 120, har aka sami tudu tsakanin Sibiriya da Alaska, da tsakanin Ingila da Faransa.

Itatuwa da dabbobin Turai suka gudu kudu suka laɓe a Sifen da Italiya da yankin Balkan, waɗanda tsaunuka da Bahar Rum suka tare wa hanya kuwa suka halaka, shi ya sa har gobe dazukan Turai ba su kai na Arewacin Amurka ko na gabashin Asiya yawan ire-iren itatuwa ba. Tsibirin Ailan kuwa babu maciji a cikinsa, domin ruwa ya raba shi da maƙwabtansa kafin ƙasar ta yi ɗumin da maciji zai iya zama.

Sa'ad da hamada ta sauko ƙasar Hausa

A nahiyarmu ƙanƙara ba ta zauna ba sai a ƙololuwar tsaunuka irin su Kilimanjaro da Ruwenzori da na Habasha. Abin da ya same mu shi ne fari. Teku mai sanyi ba ya ba da tururi da yawa, iskar da ke ɗauko damina daga Tekun Atlantika ta yi rauni, iskar kabon da itatuwa ke rayuwa da ita ta ragu zuwa wajen kashi 190 cikin miliyan, alhali a zamanin ɗumi takan kai 280. Ƙarancinta kuwa ya fi cutar da itace bisa ga ciyawa.

Hamada ta miƙo kudu da wajen kilomita 400 zuwa 500 daga inda iyakarta take a yau. Tafkin Chadi ya ƙafe ƙaf. Rairayi ya datse Kogin Senegal, ya kuma tare Kogin Kwara a wajen Tambutu, a can gabas kuwa Tafkin Biktoriya da kansa ya bushe.

Shaidar wannan tana ƙarƙashin gonakinmu. A 1958 wani malamin ilimin ƙasa na Jami'ar Kambirij, A. T. Grove, ya bayyana cewa jigayin nan da ke jere tsakanin gabashin Kano da Gumel da Haɗejiya da Nguru, dogaye a layi ɗaya daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai da inda iskar hunturu ke bi, tsofaffin tulin rairayi ne waɗanda ciyawa da itatuwa suka ɗaure daga baya. Manomin da ke shuka gero da gyaɗa a kan jigawa, ya gangara fadama ya dasa shinkafa, yana noma ne a kan gadon bayan hamadar da ta mutu da kuma kwarurrukan da ke tsakaninta. Kogin Haɗejiya da na Jama'are ma, dalilin da ya sa suke karkasuwa suna malala har suka haifar da dausayin Haɗejiya da Nguru, shi ne waɗannan jigayin da suka gitta musu hanya.

Sa'ad da ruwa ya komo

Wajen shekara 14,500 da suka wuce damina ta soma ƙarfi, ta ɗan ja da baya na wani lokaci, sa'an nan daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce ta kai inda ba ta sake kaiwa ba. Tangaɗin nan na duniya ya sa ta fi kusantar rana a lokacin bazarar arewa, ƙasa ta yi zafi ta jawo iska mai damshi daga teku har cikin tsakiyar hamada, ciyawa da tafkuna kuwa suka ƙara riƙe damshin, damshi ya ƙara jawo ruwa.

Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, wato kusan girman Tekun Kaspiyan, zurfinsa a kwarin Bodele ya haura mita 150. Tudun yashin nan da ya ratsa Maiduguri ya bi ta Bama ya shiga Kamaru har Yaguwa, da Bongor ta Chadi, gaɓarsa ce ta kudu maso yamma. Da ya cika ya batse, sai ya riƙa zuba ta Mayo Kebbi zuwa Binuwai, daga nan zuwa Kwara, har teku. Farar ƙurar da ke lulluɓe Kano da hunturu ta hana jirgi sauka, kaso mai yawa nata daga busasshen gindin wannan tafki take tasowa, kuma a cikinta akwai ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka rayu a can.

A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna ta ƙasar Fune, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace a zurfin wajen mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka tono shi, sai ga kwalekwale na maɗaci mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda awo ya nuna ya kai shekara wajen 8,000, shi ne mafi daɗewa da aka samu a Afirka. Sassaƙarsa kuwa ba ta ɗan koyo ba ce, abin da ke nuna sana'ar ta riga ta tsufa tun a lokacin.

A Gobero, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya fita neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe a shekarar 2000, sai ya tarar da maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Tare da mutanen akwai ƙasusuwan dorina da kada da kunkuru, da na giwan ruwa mai kusan tsayin mutum, da masun ƙashi masu ƙayoyi da aka soke su da su. A Dabus kuwa, arewa da Agadas, an zana raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, da irin ƙwarewar da ba ta samuwa sai ga wanda ya saba ganin dabbar da idonsa.

Wannan ne ya warware wata mas'ala da ta daɗe tana ɗaure wa masana kifi kai. Giwan ruwan da masunta ke alfahari da shi a bikin Argungu, shi ne dai a Tafkin Chadi, shi ne a Nilu da Bolta da Senegal, har da Tafkin Turkana na Kenya wanda yanzu ba shi da mafita. Haka tarwaɗa da karfasa da yauni. Koguna ne da ba su haɗu da juna ba, amma kifinsu kusan iri ɗaya. Nick Drake na Landan da abokan aikinsa sun nuna a 2011, ta hanyar hotunan tauraron ɗan Adam, cewa a zamanin damshi tafkuna da ƙoramu da fadamu sun sarƙu da juna daga wannan kwari zuwa wancan, har dabbar ruwa ta fi dabbar tudu sauƙin ƙetare hamada.

Waɗanda ruwa ya tafi ya bari

Kadojin Arshe jikokin waɗannan dabbobin ruwa ne. A ƙasar Muritaniya ma an same su a wurare da dama cikin duwatsun Tagant da Asaba, inda sukan shige ramuka da kogunan dutse idan ruwa ya ƙafe, su kwanta ba ci ba motsi har damina ta faɗi. A duwatsun Tasili na Aljeriya an harbe na ƙarshe a cikin shekarun 1920. Wani abin ban sha'awa kuma, binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2011 ya tabbatar da cewa kadan yammacin Afirka jinsi ne daban da babban kadan Nilu, kuma gawarwakin kadojin da Misirawan da suka shafe da magani suka adana a ɗakunan bautarsu, waɗanda aka gwada, irin namu ne.

Ba kada kaɗai ba. A ramukan ruwa na Ennedi da Tibesti da Tasili akwai tarwaɗa da karfasa, a Tasili kuma akwai wata itaciya da Buzaye ke kira tarut, wadda abin da ya rage nata bai wuce guda 230 da 'yan kai ba, wasunsu sun haura shekara 2,000, suna zubar da iri a ƙasar da ba ta da damshin da zai tsirar da shi sai nadiran. A duwatsun Hogar da na Azbin da Jabal Marra akwai zaitun daji, ɗan'uwan na bakin Bahar Rum, wanda galibi ya bar dogaro da iri, sai dai ya yi ta tohowa daga saiwa.

A ganina waɗannan sun fi zanen dutse ƙarfin hujja, domin mai zane yana iya zana abin da ya gani a tafiya, amma tarwaɗa ba ta zuwa fatauci.

Kurmi da mafakarsa

Farin da ya faɗaɗa hamada shi ya tsuke kurmi. Ana sanin haka ne ta ƙurar fure, domin kowace itaciya da kowace ciyawa tana da siffar ƙurarta, ƙurar kuwa takan faɗa tafki ta kwanta cikin laka shekara bisa shekara, mai bincike ya kafa bututu ya zaro lakar ya karanta ta daga sama zuwa ƙasa. Lakar Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi ta nuna cewa a zamanin ƙanƙara ciyawa ce a inda kurmin Asante yake a yau. Lakar Tafkin Barombi Mbo na yammacin Kamaru kuwa, wadda Bafaranshe Jean Maley ya nazarta, ta nuna kurmi ya ragu amma bai ƙare ba.

Daga nan aka gina ra'ayin mafaka. Masu wannan ra'ayi sun ce kurmi ya taƙaita a wurare kaɗan masu ruwa, wato wajen Laberiya da yammacin Kodebuwa, da gaɓar Kamaru da Gabon, da gabashin Kwango, kamar irin da manomi ke ɓoyewa a rumbu ya fito da shi in ruwa ya sauka. Halittun da aka raba tsakanin mafaka da mafaka suka daɗe ba su haɗu ba har suka bambanta. Sun kafa hujja da cewa waɗannan wurare su ne suka fi ko'ina yawan ire-iren halittu a yau, da yawan waɗanda ba a samunsu a wani waje. Wanda ya fi shahara da wannan mazhaba shi ne Jürgen Haffer, Bajamushe mai neman man fetur wanda kallon tsuntsaye ya zame masa sana'a ta biyu, ya kuma bayyana ta a 1969 game da kurmin Amazon.

Sai dai ba a yi ittifaƙi a kanta ba. Paul Colinvaux ya zaro laka daga wani tafki a cikin Amazon ya ce kurmin bai taɓa tsagewa ba, itatuwan cikinsa ne kawai suka sauya. Wasu suka lura cewa wuraren da ake kira mafaka a can sun yi daidai da wuraren da masu tara tsirrai suka fi zuwa saboda sauƙin hanya, wanda kuwa suka ne mai zafi. Da awon ƙwayoyin gado ya samu, sai ya bayyana cewa yawancin tsuntsayen kurmin Afirka sun rabu da 'yan'uwansu tun miliyoyin shekaru kafin zamanin ƙanƙara. Wasu suka ce koguna ne ke rabawa, suka ba da misali da Kogin Sanaga wanda ya shiga tsakanin biri mai ganga na Nijeriya da Kamaru da na tsakiyar Afirka. Wasu, irin su Thomas Smith wanda ya auna tsuntsaye a bakin kurmin Kamaru, suka ce sabon jinsi ya fi fitowa a inda kurmi ke haɗuwa da fili.

Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a Afirka, wadda ta fi Amazon bushewa, mafakar ta tabbata, amma aikinta na adana tsofaffin jinsuna ya fi aikinta na haifar da sababbi. Goggon birin Kuros Riba, wanda bai kai 300 ba a tsaunukan iyakar Nijeriya da Kamaru, yana cikin abin da ta adana. Kuma kurmin bai daina motsi ba: filin nan da ya ratsa Benin da Togo har bakin teku ya raba kurmin yamma da na gabas, ƙurar fure ta nuna a rufe yake da itatuwa a zamanin damshi, bai buɗe ba sai wajen shekara 4,000 da suka wuce.

Inda sauyin yanayi ya haifar da sababbin jinsuna a fili ƙarara shi ne Tafkin Biktoriya. Ya sake cika wajen shekara 15,000 da suka wuce, amma a cikin wannan ɗan lokaci dangin karfasa da ke cikinsa suka rarrabu zuwa jinsi wajen 500, wani mai cin katantanwa, wani mai kankare gansakuka, wani mai cin ƙwan ɗan'uwansa. Giwan ruwan da aka zuba a tafkin a shekarun 1950 daga baya ya share wajen 200 daga cikinsu.

Rahamar wani, katangar wani

Akwai wani gefe na mas'alar da ba a cika ambata ba. Zamanin damshi da ya zama rahama ga dabbar kurmi, katanga ne ga dabbar fili, domin sa'ad da kurmi ya bazu daga Tekun Atlantika har tsaunukan gabas, ya yanke filayen arewa daga na kudu. Sa'ad da fari ya zo kuma, hamada ta matso daga arewa ta matse abin da ya rage. Dabbobin filayen Sudan sun rayu ne tsakanin waɗannan biyu, shi ya sa ɓauna da kanki da gwanki na yammacin Afirka suka bambanta da na gabas da kudu a ƙwayoyin gadonsu.

Zaki ya fi kowa ba da mamaki. Zakin Yankari da na Kainji da na gandun W ya fi kusanci da zakin dajin Gir na Indiya bisa ga na Tanzaniya ko Afirka ta Kudu, har a 2017 masu rarraba jinsuna suka haɗa na yamma da na tsakiyar Afirka da na Indiya a reshe ɗaya. Ƙidayar da aka buga a 2014 ta nuna abin da ya rage a yammacin Afirka duka wajen 400 ne.

Haka raƙumin dawa na Kure, kusa da Yamai. An daɗe ana ɗaukarsa ɗaya da na gandun Waza da Zakuma, har bincike ya nuna daban suke, ya kuma nuna cewa waɗanda gidajen namun daji na Turai ke ajiye da sunan na yammacin Afirka ba su ba ne. Ashe garken Kure, wanda ya ragu zuwa 49 a 1996 kafin ya farfaɗo ya haura 600, shi ke nan a duniya a lokacin.

Kan tsaunuka da tsibirai

Da sanyi ya yi yawa, itatuwan kan tsauni sun sauko da wajen mita 1,000 sun kusanci juna; da ɗumi ya komo suka hau, kowane tsauni ya ware da nasa. Wannan na cikin abin da ake fassara kamannin kurmin Mambila da Obudu da tsaunukan Bamenda da shi, waɗanda itatuwansu da tsuntsayensu suka fi kama da na tsaunukan gabashin Afirka bisa ga na kwarin da ke gindinsu. Gadar dutse ta tsaunin Jos ma haka take, danginta suna can nesa.

Tsibirin Biyoko yana haɗe da Kamaru har wajen shekara 10,000 da suka wuce, don haka yana da birai da gada irin na tudu. Sawo Tome da Firinsife kuwa ruwan da ke kewaye da su ya yi zurfin da ba su taɓa haɗuwa da nahiya ba, birin da ke cikinsu mutane suka kai shi, amma suna da tsuntsaye masu yawa da babu irinsu a ko'ina.

Saɓani a kan ƙarshen damshi, da halin da ake ciki

Ko hamada ta komo farat ɗaya ne ko a hankali, nan ma malamai sun saɓa. Peter deMenocal ya auna ƙurar da ta kwanta a ƙarƙashin teku daura da Muritaniya ya ce abin ya auku ne cikin 'yan ƙarnuka, wajen shekara 5,500 da suka wuce. Stefan Kröpelin ya zaro lakar Tafkin Yowa a Uniyanga ta arewacin Chadi a cikin shekarun 2000 ya ce a'a, itatuwa suka fara tafiya, sa'an nan ciyawa, cikin dubban shekaru. Daga baya an ga cewa kowa ya faɗi abin da ya gani a inda ya tsaya, domin bushewar ta fara daga arewa ta gangaro kudu sannu a hankali, tana yi wa wani wuri kwatsam, wani wuri kuwa da jinkiri. Har makiyayan wancan zamani an shigar da su ƙara, wani ya ce shanunsu sun gaggauta bushewar, wani ya ce iya kiwonsu ya jinkirta ta.

Wannan saɓani ya kamata ya sa a yi hattara da zancen hamada mai tafiya kudu kilomita kaza a kowace shekara. Tun a 1935 wani Baturen gandun daji, E. P. Stebbing, ya yi wannan kururuwa game da arewacin Nijeriya, hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa ta bi iyakar a 1936 zuwa 1937 ba ta sami abin da ya faɗa ba. Farin 1973 da na 1984 gaskiya ne, ɓarnarsu kuma ba ta misaltuwa, amma damina ta ɗan farfaɗo tun shekarun 1990, manoman Maraɗi da Damagaram kuma sun raya gawo da sauran itatuwa a gonaki masu faɗin hekta wajen miliyan 5 ta hanyar barin toho ya girma. Inda rairayi ke tashi a ƙasar Manga, sau da yawa tsofaffin jigayin nan ne da aka tone wa ciyawa suka sake motsi. Lissafin masana yanayi ma bai haɗu a kan makomar daminarmu ba, ko da yake da yawa sun karkata ga cewa tsakiyar Sahel da gabashinsa za su ƙara ruwa, yammacinsa ya ragu, zafi kuwa ya ƙaru a ko'ina.

Bambancin da ke tsakanin jiya da yau yana wuri biyu. Na farko sauri: iskar kabon ta ɗauki shekara wajen 10,000 kafin ta tashi daga 190 zuwa 280, amma daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau ta haura 420. Na biyu hanya: dabbar da fari ya kora a da takan bi ciyawa ta yi kudu, ta komo in damina ta gyaru, yanzu kuwa tsakanin wannan gandun daji da wancan gonaki ne da garuruwa da kwalta.

Shi ya sa a 2018 aka kama raƙuman dawa 8 a Kure aka loda su a mota aka yi tafiyar wajen kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, inda rabon da a ga irinsu ya kai shekara wajen 50, aka kuma ƙara wasu a 2022. A kurmin Ngel Nyaki na Mambila kuwa, inda itatuwan ba su ɗaukuwa a mota kuma babu sauran tudun da za su ƙara hawa, masu aikin kare shi tun farkon shekarun 2000 suna kewaye bakinsa da shinge don hana shanu da wutar daji, suna renon irin itatuwan a gandun dashe suna mayar da su gefen kurmin.